Yajin aikin da ake sanar da mai asibiti tun kafin a fara: da me ma'aikatan Kaiser suka matsa masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, shekarata goma sha ɗaya a bakin aiki, kuma na ga yajin aiki iri-iri. Na ji labarin wanda ma'aikatan asibitocin Kaiser Permanente suka yi a Amurka a 2023, wai tun da sauran kwanaki suka rubuta wa kamfanin ranar da za su fara, har da ranar da za su dawo. Abin ya ɗaure mini kai. In ka gaya wa mai gida ranar tafiyarka da ta dawowarka, ai sai ya kintsa ya jira ka. Da me suka matsa masa, kuma me suka samu?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Sanarwar nan doka ce ta wajabta musu ita. A 1974 aka yi wa dokar ƙwadago ta Amurka gyara, aka sa sharaɗin cewa duk ƙungiyar da za ta yi yajin aiki a asibiti mai zaman kansa sai ta ba da sanarwa a rubuce, aƙalla kwana goma kafin lokaci, ta faɗi rana da sa'ar da za a fara, ta kuma aika wa hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta tarayya. Ma'aikacin da ya fita ba tare da wannan ba yana iya rasa kariyar doka, a kore shi ba mai ceto. Manufar ita ce kada a wayi gari mai naƙuda ko wanda ke kan na'urar numfashi ya rasa mai duba shi.

Akwai wani ƙulli kuma. Yarjejeniyoyin aiki da ƙungiyoyin ƙwadago ke ƙullawa da kamfanoni galibi suna ɗauke da alƙawarin ba za a yi yajin aiki ba muddin yarjejeniyar tana raye. Ta gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan Kaiser ta ƙare ranar 30 ga Satumba 2023, shi ya sa aka fita ranar Laraba 4 ga Oktoba da ƙarfe shida na safe, aka dawo ranar Asabar 7 ga wata, ita ma da shida na safe. Sa'a 72 cif. Mutum wajen 75,000 ne suka ajiye aiki, mafi yawansu a Kalifoniya, sai Oregon da jihar Washinton da Kolorado. Na Birjiniya da babban birnin ƙasar kwana ɗaya kawai suka yi. Ba a taɓa yin yajin aikin ma'aikatan lafiya mai girmansa a ƙasar ba. Ki lura, likitoci ba sa ciki. Akasari masu gwajin jini ne, da masu ɗaukar hoton ƙashi, da mataimakan masu ba da magani, da masu karɓar baƙi da yankan kati, da masu shara da goge-goge, da wani sashe na ma'aikatan jinya. Ɗakunan gaggawa ba su rufe ba. An dai ɗage ganin likita da tiyatar da ba ta gaggawa ba, wasu ɗakunan gwaji da na karɓar magani suka rufe.

To ina matsin yake? Sai an san wane ne Kaiser tukuna. Kamfani ne da ya haɗa inshorar lafiya da asibitoci a hannu ɗaya. Henry Kaiser, attajirin da ya ƙera jiragen ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu, shi da likita Sidney Garfield suka buɗe shi ga jama'a a 1945, hedikwatarsa tana Okland. Mutum sama da miliyan 12 ke biyansa kuɗin inshora wata-wata, ko sun je asibiti ko ba su je ba. Saboda haka yajin aikin kwana uku ba ya tsayar masa da kuɗin shiga kamar yadda zai yi wa asibitin da sai an yi aiki ake biya. Zafin yana zuwa ta wasu hanyoyi. Dole ya ɗauko ma'aikatan haya daga kamfanonin da ke wannan sana'a, ya biya su farashi mai tsada, har da jirgi da masauki. Mafi muni kuma shi ne ɓacin suna, domin a ƙarshen shekara ne ma'aikatu da iyalai a Amurka ke zaɓen inshorar da za su shiga a shekara mai zuwa. Wanda aka ɗage masa gwaji sau biyu a Oktoba zai tuna da abin lokacin da aka miƙo masa takardar zaɓi.

Ni a ganina, kwana ukun nan gwajin ƙarfi ne. Ƙungiya ta nuna za ta iya fitar da mutum 75,000 a sa'a ɗaya, ta kuma mayar da su a sa'a ɗaya. Ana dawowa sai ta sake miƙa wata sanarwar, cewa za a yi na mako guda daga 1 ga Nuwamba in ba a daidaita ba. Ranar 13 ga Oktoba aka sanar da cewa an cimma matsaya, bayan Julie Su, muƙaddashiyar sakatariyar ƙwadago ta lokacin, ta zauna da ɓangarorin biyu da kanta. Yajin na biyun bai ma faru ba.

Wata dabara da ba a cika lura da ita ba: gamayyar ta ayyana yajin a matsayin na ƙin amincewa da saɓa dokar tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwadago da ta zargi kamfanin da yi, zargin da kamfanin ya musanta. Dalili kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1938, mai kamfani yana da damar ɗaukar wasu su maye gurbin masu yajin neman ƙarin albashi har abada. In yajin na saɓa doka ne, ba shi da wannan damar. Sunan da aka raɗa wa yaji kan iya zama shi ne zai sa mutum ya tarar da kujerarsa in ya dawo.

Abin da suka samu: ƙarin kashi 21 cikin 100 a shekara huɗu, wato 6 a shekarar farko, sai 5, 5, 5. In aka lissafa ƙari kan ƙari, mai ɗaukar dala 100 zai koma kusan dala 123. Sai mafi ƙarancin albashi na dala 25 a sa'a a Kalifoniya da dala 23 a sauran jihohi, ana hawa a hankali. Kada alƙaluman su ruɗe ki, hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, don haka wani ɓangare na ƙarin cike gurbin abin da tsadar rayuwa ta riga ta cinye ne. Nasarar da na fi ganin nauyinta ita ce ƙarin ya zama ɗaya a ko'ina. Kamfanin ya so a bambanta gwargwadon yanki, wasu su sami fiye da wasu, ƙungiyoyin suka ƙi, don sun san ranar da aka raba su a albashi an raba su a tebur.

Ga abin mamaki: tun 1997 akwai yarjejeniyar ƙawance tsakanin Kaiser da ƙungiyoyinsa, wadda ake buga misali da ita a makarantu, inda ma'aikata da shugabanni ke zama kwamiti ɗaya a kowane sashe suna warware matsalolin aiki. Bai hana faɗa ba da aka zo rabon kuɗi. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Inda ba a gama ba shi ne batun ƙarancin ma'aikata, wanda shi ne babban kukan masu yajin bayan annobar korona. Kuɗi yana da sauƙin rubutawa, in ba a biya ba kowa zai gani a takardar albashi, a kai ƙara gaban mai sasantawa wanda hukuncinsa ke hawa kan kowa. A nan ne ma suka bambanta da abin da kika sani a gida, inda ƙungiyoyi irin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya ta Najeriya, ke ciniki da gwamnati, wadda ita ce mai ɗaukar aiki kuma ita ce mai zartar da doka. Amma "za mu ƙara ɗaukar ma'aikata" magana ce mai santsi. Kamfanin ya ce ya cika alƙawarin ɗaukar mutum 10,000 a 2023, sai dai yawan waɗanda aka ɗauka ba ya nuna nawa suka ajiye aiki a lokacin. Ma'aikatan jinya a Kalifoniya suna da dokar da aka fara aiki da ita a 2004, wadda ta ƙayyade marasa lafiya biyu ga nas ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman, biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Mai gwajin jini da mai shara ba su da irin wannan adadi a doka. Yarjejeniyar da gamayyar ta ƙulla da Kaiser za ta ƙare ne a 2027.