Tambaya Da Amsa: Wai Da Gaske Suleja Ce Abuja Ta Asali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a raba mana wata gardama. Muna gyaran ɗakin kakanmu bayan rasuwarsa sai na ci karo da satifiket ɗinsa na elementare a ƙasan adaka, takardar duk ta yi ja gefenta ya fara gutsurewa, kuma an rubuta makarantar a Abuja take, tun kafin a samu 'yancin kai. Na nuna wa abokaina a majalisa suka ce jabu ce, wai Murtala ne ya ƙirƙiro Abuja a 1976 kafin nan daji ne kawai. Mu dai mun san kaka ɗan Suleja ne. Ya abin yake?
Mai karatu daga Minna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinsa. Takardarsa ba jabu ba ce. Garin da kake kira Suleja yau shi ne Abuja tun 1828, kusan shekara 150 yana amsa sunan kafin babban birnin tarayya ya karɓe shi.

Labarin daga Zariya ya taso. Lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya zo da tuta ya ci Zazzau, sarkin Haɓe na lokacin Muhammadu Makau ɗan Isiyaku Jatau, yadda mutanen garin ke ba da labari, yana filin idi a bayan ganuwa abin ya same shi, bai samu komawa gida ba sai ya yi kudu da jama'arsa da masu sarautarsa har suka sauka Zuba wajen mutanen Koro. Bai taɓa sakin sarautarsa ba, Sarkin Zazzau yake kiran kansa har aka kashe shi a yaƙi wajen Lapai a 1825. Ƙaninsa Abubakar ya gaje shi, shi kuma mutum ne fari, ka san Bahaushe farin mutum ja yake ce masa, to sai aka riƙa ce masa Abu Ja. Shi ya kafa sabon gari kusa da kogin Iku a ƙasar Gwari da Koro, aka ja ganuwa, garin ya ci sunan mai shi. Abu Ja, Abuja. Shi ke nan fa asalin sunan da yau ake bugawa a jikin fasfo da tikitin jirgi.

Kuma garin nan ba ƙanwar lasa ba ne, sarakunan Zariya sun sha kawo masa yaƙi ba su ci shi ba, yana nan da 'yancinsa har Turawa suka shigo a 1902. Shi ya sa har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa, in za a bambanta da na Zariya sai a ce Zazzau Suleja. Wato ka ga suna uku ke nan a kan jama'a ɗaya.

Sai zancen 1976 da abokanka suka riƙe, a nan suna da rabin gaskiya. Legas ta cushe, gwamnatin Janar Murtala ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya nemo waje a tsakiyar ƙasa, aka yi dokar kafa birnin tarayya a watan Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala. Filin da aka yanka babban kasonsa ƙasar masarautar Abuja ce, shi tsohon garin kuma aka bar shi a waje cikin Jihar Neja. Da sabon birni ya ɗauki sunan sai tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin Alhaji Sulaimanu Barau wanda ya hau a 1944, Sule da kuma ja ɗin nan na Abu Ja. Gwamnati ma ba ta tare a sabuwar Abuja ba sai 12 ga Disamba 1991 zamanin Babangida, kafin nan ma'aikatan farko da suka zo aikin ginin birnin a Suleja suka fara zama don can ne akwai gari.

Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne wannan kalmar ta daji. Akwai mutane a wajen, Gwari na noman doyarsu da dawarsu a Garki da Wuse da Karu tun kafin a san za a yi titi, an tashi wasu an canza musu matsuguni, kuma wallahi yana min ciwo in ji yaranmu suna magana kamar ƙasar ba mai ita. Masarautar nan ta ba da ƙasa ta ba da suna, yau ɗan Suleja shi ke asubanci yana fama da gosulo a Zuba don ya je aiki garin da ke amsa sunan kakanninsa.

In abokanka suna son shaida ta hannu, ce musu su ciro naira 20 su juya bayanta. Matar nan da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, ta yi aiki a cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a Abuja a farkon shekarun 1950, kuma Abujar nan Suleja ce. Tukwanen da ke gidajen tarihi na Ingila ana ce musu na Abuja, a Suleja aka gasa su.

Ita kuma takardar kaka don Allah kar a kai ta a yi mata laminetin, zafin injin na lalata tsohuwar takarda kuma ba ya ɓantaruwa. Ka ɗauki hotonta gaba da baya da waya, ka sa ta a fayil ka ajiye inda ba danshi ba gara, hoton shi za ka riƙa kaiwa majalisa.