Fatawa: An kawo wa 'yata kwikwiyon ado, ya halatta mu riƙe shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a Hanwa, nan Zariya. Ƙanin maigidana ya zo daga Legas ya kawo wa 'yata mai shekara 9 wani ɗan kwikwiyo, irin ƙananan nan masu gashi buzu-buzu da ba sa girma. Ya ce sunan irinsa Pomeranian, wai satinsa 7 da haihuwa. Yarinyar ta ƙwallafa rai a kansa, har a gadonta take kwana da shi. Surukata kuwa tun da ta gan shi ta daina cin abincin gidanmu, ta ce gidan ya zama najasa, sallarmu ma ba ta karɓuwa. Maigidan ya ce a kai shi bayan gari a yar. Malam, ya halatta mu riƙe shi? Yaya matsayin sallata idan ya lashi zanena? In kuma bai halatta ba, yaya zan yi da shi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin a yi aika-aika. Hajiya surukarki tana da gaskiya da ta ƙi zaman karen a cikin ɗakunanku, amma ta tsananta a batun najasa da salla. Maigidanki yana da gaskiya da ya ce ba za a ci gaba da riƙe shi ba, amma kai shi bayan gari a yar zalunci ne, ba na so ku kusance shi.

Bari mu fara da riƙon. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda ya riƙe kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana tauye masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, daga ladan aikinsa kowace rana. A ruwayar Abdullahi ɗan Umar ƙiraɗi biyu aka ce. A kan wannan ne Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya rubuta a Risala, wadda muka taso muna karantawa a zaurukan Zazzau, cewa ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona, ko dabbobin da yake bi kiwo ya dawo da su, ko farautar neman abinci ba ta wasa ba. Malamai sun saɓa a kan girman hanin. Imam Nawawi da masu ra'ayinsa sun ce haramun ne. Ibn Abdil Barr, cikin manyan Malikawa, ya fahimci karhanci, domin a ganinsa hadisin tauye lada ya ambata, bai ambaci zunubi ba. Ko wanne kika ɗauka, babu ɗaya a cikinsu da ya ce miki ki ajiye kare don sha'awa ba tare da asara ba. Mai neman lada da tsayuwar dare da azumin Litinin da Alhamis bai kamata ya bar ƙofar da ladan ke zurarewa kullum ba.

Na san za a ce ai wannan ɗan mitsitsi ne, ko kyanwa ta fi shi. To hadisin da ya fi dacewa da halinku a kan ɗan kwikwiyo ya zo. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Mala'ika Jibrilu ya yi wa Annabi (SAW) alkawarin zuwa a wani lokaci, lokacin ya yi bai zo ba, har abin ya dami Manzon Allah. Da ya waiwaya sai ya ga ɗan kwikwiyo a ƙarƙashin gado. Ya tambayi A'isha yaushe ya shigo, ta rantse ba ta sani ba. Ya sa aka fitar da shi, sannan Jibrilu ya zo, ya ce su ba sa shiga ɗakin da ke da kare ko sura, wato hoto. Malamai sun bayyana cewa mala'ikun rahama da albarka ake nufi, masu rubuta ayyuka kam ba sa rabuwa da bawa. Ƙanƙantar kare ba ta canja hukunci ke nan. Tun daga daren yau ya sauka daga gadon yarinyar, ya fita daga ɗakunan kwana da inda kuke salla.

Akwai wata kafa da mutane ke bi, su ce ai yana haushi in baƙo ya shigo, don haka na gadi ne. Karen gadi mafi yawan malamai sun halatta shi bisa ƙiyasi da na gona da na kiwo. Masu sharhin Risala ma sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka wanda gidansa ke bakin gari, ɓarayi sun dame shi, ya ajiye kare a harabar gida, ba na hana shi. Amma Pomeranian iri ne da aka samar a Turai don ya zauna a cinya, ko ya gama girma da ƙyar yake wuce kilo 3, kuma ke da kanki kin faɗi cewa 'yarki aka kawo wa shi. Kada ku sauya masa suna don ku samu fatawa. Allah ya san abin da ke cikin zukata.

Batun tsarki kuwa, ki kwantar da hankalinki. A mazhabar Malik duk mai rai tsarkakke ne, da guminsa da hawayensa da yawunsa, kuma kare yana ciki, haka Shehu Halil ya tabbatar a Mukhtasar. Hujjar Malik ita ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da karen farauta ya kamo da bakinsa. Ya ce ana cin abin da ya farauto, ta yaya za a ƙyamaci yawunsa? Hadisin wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sha a ciki ingantacce ne, Malik ma ya kawo shi a Muwaɗɗa, amma Malikawa sun ɗauke shi a matsayin bauta, mustahabbi ne a zubar da ruwan a wanke mazubin sau 7. Don haka sallar da kika yi da zanen da ya lasa ta inganta, babu ramuwa. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin yawun najasa ne mai nauyi, a wanke sau 7 ɗaya da ƙasa, Hanafawa ma najasa suke ganinsa. In kin wanke wurin don fita daga saɓani, kin kyauta. Sai dai ko a wurin waɗanda suka tsananta, wurin da danshin ya taɓa kawai ke najasa. Babu malamin da ya ce gida gaba ɗaya da tukunyar miyarsa sun ƙazantu. Ki je ki durƙusa ki yi wa Hajiya wannan bayani cikin ladabi, ki gaya mata an fitar da shi daga ɗaki. Abin da ya kamata ki sa wa ido shi ne fitsarinsa da kashinsa, waɗannan najasa ne har a wurin Malikawa, kuma kwikwiyo bai san inda ya dace ya yi ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Kwikwiyo mai sati 7 jariri ne. Likitocin dabbobi ba sa so a raba shi da uwarsa kafin sati 8. In aka ajiye shi a bayan gari ba zai iya neman abinci ba, yunwa ce za ta kashe shi, ko manyan karnuka, ko yara su jefe shi. Annabi (SAW) ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Ya ba da labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah ya gafarta masa, ya kuma ce a kowace hanta mai danshi akwai lada. Umarnin kashe karnuka da aka yi da farko ma an janye shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal. Ba ku kuka nemo shi ba, amma ya shigo hannunku, ya zama amana har ranar da zai fita.

Ku fara da wanda ya kawo shi, a gode masa, a roƙe shi ya karɓi abinsa. In bai yiwu ba, ku nemi wanda zai kula da shi tsakani da Allah, ko da maƙwabci ne wanda ba Musulmi ba, domin hakan ya fi a bar rai ya halaka. Kyauta za ku bayar. Hadisin Abu Mas'ud Al'ansari ya hana cin kuɗin kare, kuma saɓanin da Malikawa suka yi, har Sahnun ya halatta sayarwa, a kan karen da shari'a ta yarda a riƙe ne. Idan kun nema da gaske ba ku samu mai karɓa ba, ku riƙe shi a tsakar gida da niyyar tsare rai, kuna ci gaba da nema. Ina fatan wanda larura ta sa shi haka ba ya cikin waɗanda ake tauye wa lada.

Kafin nan haƙƙinsa yana wuyanku. A yi masa keji a inuwa, inda ruwan sama da shaho ba za su same shi ba. Gashinsa na ƙasar sanyi ne, zafin bazarar Zariya a Maris da Afrilu yana iya kashe shi, kuma daren hunturu ma yana cutar da ɗan ƙarami irinsa, sai a shimfiɗa masa tsumma. Ruwa mai tsabta kada ya yanke, a kwanonsa na kansa. Irin waɗannan ƙanana sukarin jininsu yana saurin faɗuwa in sun daɗe ba su ci ba, don haka a ba shi abinci kaɗan-kaɗan kamar sau 4 a rana. In kika ga ya yi laushi yana karkarwa, ki shafa masa ɗan zuma a dasashi ki garzaya da shi wurin likita. Kada a zuba masa ragowar miya ko dafa-duka, albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, haka cakulan da inabi da goro. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke shi, madarar shanu takan sa shi zawo, maganin mutane kuma ba a ba shi sai da izinin likita. A hana yara ɗaga shi sama, faɗuwa daga kan kujera ma tana karya masa ƙafa.

Ki kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru cikin makon nan. Allurar rigakafi ana fara ta ne tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har wajen sati 16, ta ciwon haukan kare kuma a wata 3, sannan a riƙa sabuntawa. A ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, don tsutsar tana iya kama yara. Wannan bai tsaya ga tausayin dabba ba, tsare ran 'yarki ne, wanda wajibi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne wajen kashi 40 cikin 100. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ita yarinyar ba ta da laifin komai, alƙalami bai hau kanta ba, kuma tausayin da ke zuciyarta abin so ne. Kada a dake ta, kada a yi mata ƙaryar ya ɓata ko ya mutu. Ki ba ta labarin kwikwiyon da ke ƙarƙashin gado, ki bar ta ta riƙa zuba masa abinci tana wanke hannu har ranar da za a tafi da shi. In tana son abin reno, a samo mata kyanwa, wadda Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku, ko tsuntsu, kamar wanda Abu Umair ƙanin Anas yake wasa da shi a Madina. Kyanwar ma a yi mata allurar haukan kare.

Allah ne mafi sani.