Amsa ga Kawu kan dattijon nan da ya hau roka

Assalamu alaikum 'yan gida. Kawu, na ji tambayarka kan bidiyon da aka turo na dattijon nan yana hawaye a tsakiyar hamada, ka ce ko shi ma shirin fim ne. A'a Kawu, wannan kam da gaske ne. William Shatner ke nan, ɗan Kanada, an haife shi a Montreal a 1931. Shi ne Kyaftin Kirk na shirin Star Trek, wanda ya yi suna da tuƙa jirgin sararin samaniya na ƙarya a talabijin.

Ranar 13 ga Oktoba 2021 aka harba su daga yammacin Texas, kusa da garin Van Horn, a rokar New Shepard ta kamfanin Blue Origin, na Jeff Bezos mai Amazon. Lokacin Shatner yana da shekara 90. Su huɗu ne a ciki, ba matuƙi, kwamfuta ce ke jan komai. Kada dai a zata ya je duniyar wata ne ko ya kwana a sama. Sun ɗan haura kilomita 100, suka yi 'yan mintoci jikinsu ba nauyi suna shawagi, sai lema ta sauko da su. Tafiya da dawowa duka minti goma da 'yan daƙiƙu. Kafin ka gama shan shayi da burodi sun dawo.

To kukan fa? Nan ne abin ya tsaya mini a rai. Da suka sauka, Bezos na can yana fesa giyar murna, shi kuwa tsohon ya kasa. A littafin da ya fitar a 2022 ya ce ya tafi da zaton zai yi farin ciki, sai ya ji kamar yana wajen jana'iza. Ya leƙa waje ya ga baƙin duhu mai sanyi, ya juyo ya ga duniyarmu shuɗiya da 'yar iskar da ke rufe da ita, siririya kamar ɓawon albasa. Mutumin da ya yi shekara hamsin ana kiransa gwarzon sama, da ya je can gida ya tuna.

Kuma ba Kirk kaɗai ya yi ba. Star Trek shekara uku ya yi, 1966 zuwa 1969, aka dakatar da shi, har ta kai Shatner yana kwana a bayan motar a-kori-kura yana yawon wasan dandamali. Fina-finan Star Trek na 1979 zuwa gaba ne suka dawo da shi. Ya yi ɗan sanda a T.J. Hooker, ya gabatar da Rescue 911, ya ci lambar Emmy da rawar lauya Denny Crane yana da shekara saba'in da wani abu. Har faifan waƙa ya saki a 1968, wanda ba rerawa yake yi ba, karantawa yake da murya mai nauyi, mutane suka yi ta dariya. Ya kuma yi kiwon dawaki a Kentucky.

Af, wani ya rubuta a nan cewa shi ne mafi tsufa da ya taɓa zuwa can. A lokacin haka ne. Amma a Mayun 2024 Ed Dwight ya karɓe kambin, shi ma yana da shekara 90, amma ya ɗan haura shekarun da Shatner yake da su lokacin tafiyarsa. Baƙar fata ne, an horar da shi tun shekarun 1960, ba a taɓa tura shi ba sai a wannan karon. A gaida su Inna.