Wakilin AI na cewa babu kaya alhali akwai: yaya zan auna bayanin na'urar bincikenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa manhaja ne a Kano, muna da dandalin saye da sayar da atamfa, shadda da leshi. Mun buɗe wa wakilan ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ke nemo kaya a madadin mai saye, hanyar binciken kayanmu ta tsarin MCP, ƙa'idar da ke haɗa irin waɗannan wakilan da wasu manhajoji, amma wakilin yakan kawo abin da ba shi aka nema ba, wani lokaci ma ya ce babu alhali kayan na nan. Yaya zan gane ko bayanin da muka rubuta masa ne bai wadatar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kama bakin zaren, domin galibin irin wannan matsalar daga bayanin take tasowa.

A tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, kowace na'ura, wato aikin da aka buɗe wa wakilin ya kira kamar binciken kayanku, tana gabatar da kanta da manyan abubuwa uku: sunanta, bayanin aikinta da maganar mutane, sai fasalin abin da za a shigar mata, wanda ake rubutawa da JSON Schema, wato tsarin rubutu da ke fayyace filayen da za a cike da irin abin da kowanne ke karɓa. Iya abin da wakilin ya sani game da kasuwarku ke nan. Bai ga shafinku ba, bai ga rumbun bayananku ba. Tamkar baƙo ne da aka aika Kantin Kwari da 'yar takarda a hannu, abin da ba ya cikin takardar kuwa sai dai ya yi kintace.

Saboda haka gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta. Kwafi abubuwan nan uku ka miƙa wa wani abokin sana'arka da bai taɓa ganin aikinku ba, ka ce ya rubuta maka yadda zai nemo shadda mai ruwan toka wadda ba ta wuce naira 40,000 ba. Duk inda ya ɗago kai ya tambaye ka, ka sa alama. Shi ya samu damar tambaya, wakilin kuwa zai cike gurbin ne da zato ya wuce.

Inda zai fara tsayawa, ina kyautata zato, shi ne farashi. Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, na karɓar kuɗi ne a kwabo, don haka masu haɗa manhaja da yawa a Najeriya suna ajiye farashi a kwabo. Idan naku haka yake kuma bayanin bai faɗa ba, wakilin zai aika 40000 da nufin naira, na'urarku ta karanta naira 400. Wace shadda za a samu a haka? Ka ga inda "babu" take fitowa. Sannan farashin na me ne? Turmin atamfa yadi shida ne, shadda kuwa da yadi ake yankawa. In ba a rubuta ma'aunin ba, wakilin zai jera kuɗin yadi ɗaya kusa da kuɗin turmi guda, ya gaya wa mai saye cewa ya samo masa mai araha. Wannan ya fi damuna a kan "babu", domin mai saye zai yarda, kuma sunan dandalinku ne zai ɓaci.

Daga nan duba kalmomin nema. Shin wanda ya rubuta "atamfa" zai samu kayan da mai shago ya sa wa suna "ankara"? "Ɗinki" da "dinki" ɗaya ne a wurin na'urar? Ka faɗa a fili, ka ba da misali biyu ko uku. Rukunin kaya, launi da gari kuwa, ka jera ainihin zaɓin da ake karɓa a cikin fasalin, kada ka bar filin a sake.

Sai abin da na'urar ke dawowa da shi. Hanyar binciken kasuwar intanet ta eBay tana bayyana jimillar kayan da aka samu tare da hanyar zuwa shafi na gaba. In taku tana kawo guda goma ba ta ce akwai saura ba, wakilin zai ɗauka goman ne kaf. Ka kuma raba "ba a samu ba" da "an samu kuskure". MCP na da alamar isError don haka, kuma saƙon kuskuren ya kamata ya faɗi gyaran, misali cewa ba a san wannan rukunin ba, ga waɗanda ake da su. Tunda bincike kawai take yi, sa mata alamar readOnlyHint, wadda ke nuna cewa karantawa kawai take yi, ba ta sauya komai.

Bayan ka gyara, ɗebo tambayoyi 20 ko 30 na gaske da masu saye suka rubuta, ka ba wakilin, ka zauna ka karanta abin da ya aika wa na'urar ɗaya bayan ɗaya, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Ka riƙa sauya jimla ɗaya a lokaci guda kana maimaita gwajin, don ka san wace jimla ce ta yi aiki. Fara da filin farashin yau ɗin nan, ka rubuta ko naira ne ko kwabo, na yadi ne ko na turmi.