Maganin kansar Mama ya daina aiki: ko gyaran ƙwayoyin gado zai taimaka?

Tambaya: Likita, mahaifiyata na fama da kansar huhu. An ɗora ta a kan ƙwayar gefitinib, ta samu sauƙi har tarin ya lafa. Bayan wata goma sha ɗaya, hoton ƙirji ya nuna ƙarin ya sake girma. Na ji ana maganar CRISPR, wai ana gyara ƙwayoyin gado da shi. Zai yi mata amfani?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri bisa jinyar da kike yi.

Gefitinib yana toshe wani furotin mai suna EGFR da ke ingiza ƙwayoyin kansar su yi ta yaɗuwa. To, a cikin ƙarin akwai miliyoyin ƙwayoyi, kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Maganin ya kashe mafi yawansu, shi ya sa kika ga tari ya lafa, abinci ya fara shiga. 'Yan tsirarin da suka tsira ne suka hayayyafa suka cike gurbin. A wajen kusan rabin masu irin wannan matsalar, sanadin wani canji ne da ake kira T790M, wanda ke hana maganin kama furotin ɗin yadda ya kamata.

CRISPR kuwa almakashi ne da ke yanke ƙwayar gado a daidai inda aka nuna masa. Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier ne suka bayyana shi a 2012, suka karɓi kyautar Nobel a 2020. A 2014 masu bincike a cibiyar Broad ta Amurka suka kashe ƙwayoyin gado kusan 18,000 ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayoyin kansar fata, suka zuba musu maganin kansar fata mai suna vemurafenib, suka ga waɗanne ne rashinsu ke sa kansar ta bijire. A ganina babban amfaninsa ke nan a yau, tono dalilin bijirewar. A 2023 an amince da shi wajen maganin sikila, amma ga kansar huhu har yanzu ana matakin gwaji, domin isar da shi cikin ƙwayoyin ƙarin a jikin mutum abu ne mai wuya. Duk wanda ya ce zai sayar miki da shi, ki guje shi.

Abin yi yanzu, ki roƙi likitanta a sake gwaji, ta jini ko ta ɗebo ɗan nama, a duba T790M. In an same shi, akwai wani magani mai suna osimertinib, wanda aka amince da shi tun 2015 saboda wannan canjin. Kada Mama ta ajiye ƙwayar da take sha kafin likitan ya ga sakamakon.