Tambaya da Amsa: Daidaita Kenel ɗin Linux Domin Tsohuwar Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar laftof ƙirar IBM ThinkPad T42, mai furosesa Pentium M da RAM gigabait ɗaya, ina kuma son in farfaɗo da ita domin rubuce-rubuce da koya wa yara buga rubutu. Na gwada loda mata Linux, sai ta tsaya tun kafin a je ko'ina, ta rubuto cewa kenel yana buƙatar wani abu wai shi pae, wanda furosesar ba ta da shi. Wani abokina ya ce babu makawa sai na harhaɗa kenel da kaina. Shin haka ne? In haka ne, me zan zaɓa, me kuma zan cire? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kenel shi ne zuciyar Linux da ke sarrafa kayan cikin kwamfuta, kuma ba sai ka harhaɗa shi da kanka ba kafin Linux ya hau wannan na'ura, kuma ba na ba ka shawarar ka fara daga nan, domin wanda ya zauna zaɓar direbobi, wato manhajojin da ke tuƙa kowane ɓangare na na'ura, alhali kwamfutar ba ta taɓa tashi ta nuna masa kayan cikinta ba, kamar tela ne da ya yanka yadi bai auna mai riga ba. A fara tayar da ita da kenel na gama-gari, a karanta abin da take amfani da shi, sannan a zo maganar ragi.

Saƙon da ka gani yana da tarihi. PAE dabara ce da kamfanin Intel ya shigo da ita tare da Pentium Pro a 1995, domin furosesa mai bit 32 ta iya amfani da RAM da ya haura gigabait 4. Rukunin farko na Pentium M, waɗanda suka fito a 2003 da 2004, irin wanda ke cikin T42, suna iya wannan aiki, sai dai idan kenel ya tambaye su ba sa lissafa shi cikin abubuwan da suka iya, shi ya sa kenel ɗin da aka gina a kan PAE yake ƙin tashi. Tun daga Linux 3.15 na shekarar 2014 akwai kalmar `forcepae` da ake ƙarawa a layin tayar da kenel domin a tilasta masa ya wuce. Tana aiki, amma a wurinka ba ta da wata riba, saboda iyakar RAM ɗin da T42 take ɗauka gigabait 2 ne, kuma furosesar ba ta da kariyar NX mai hana gudanar da umarni a wurin da aka ware wa bayanai, wadda ita ce dalili na biyu da ke sa a nemi PAE. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka sauko da Debian 12 na i386, wato na bit 32, wanda ya fito a watan Yunin 2023, domin yana ɗauke da kenel mai suna `linux-image-686` da ba ya neman PAE ko kaɗan.

Duk da haka, maganar abokinka ba ta banza ba ce, domin masu rarraba Linux suna ta janye hannu daga bit 32. Ubuntu ya daina tun a 2019, Debian 13 kuma, wanda ya fito a Agustan 2025, bai zo da kenel ko manhajar lodawa ta i386 ba. Saboda haka mai irin na'urarka yana da hujjar koyon wannan aiki tun yanzu.

Da zarar Debian ya tashi, ka tattara bayanai iri uku. Umarnin `cat /proc/cpuinfo` zai nuna maka sunan furosesa da jerin abubuwan da ta iya: za ka ga `sse2`, ba za ka ga `pae` ba, ba kuma za ka ga `lm` ba, wanda shi ne alamar bit 64. Umarnin `lspci -nnk` zai jero kowane ɓangare na na'urar tare da direban da ke tuƙa shi, kuma layin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ke ƙarƙashin mai kula da faifan ajiya, inda za ka karanta `Kernel driver in use: ata_piix`. Na uku shi ne `lsmod > t42.txt`, wanda ke adana sunayen duk modul ɗin da ke aiki a wannan lokaci, wato guntayen kenel irin su direbobi da ake ɗaukowa daga faifai, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin gaggawar da ke cutar da su. Kafin ka buga shi, ka jona wa kwamfutar duk abin da kake tsammanin za ka yi amfani da shi: ka sa filash ka buɗe shi, ka kunna wayafai, ka jona linzami da firinta, ka sa faifan CD, sannan ka haɗa wayarka da kebul ka kunna raba data. Dalili kuwa shi ne, duk modul ɗin da ba ya cikin wannan jeri za a kashe shi a sabon kenel. Wanda ya manta da filash zai rasa `usb_storage` da `vfat`, wanda ya manta da waya zai rasa `rndis_host`, sai ranar da yake buƙatar intanet ya tarar kwamfutar tana cajin wayar kawai.

Harhaɗawar kanta, kada ka yi ta a kan T42. Furosesa ɗaya tilo da faifai mai jinkiri za su kwashe awanni masu yawa suna aiki cikin zafi, kuma da wuya batirin laftof na 2004 ya riƙe ta idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, ga shi fayilolin da aka katse ana cikin rubuta su suna iya rikita abin da ya biyo baya. Ka nemi kwamfuta ta zamani mai Debian 12, ka sauko da `linux-source-6.1`, wato jerin 6.1 mai dogon tallafi da Debian 12 ke amfani da shi, tare da kayan aiki irin su `build-essential`, `libncurses-dev`, `bison`, `flex`, `bc`, `libssl-dev` da `libelf-dev`. Ka kwafo fayil ɗin `config` na kenel ɗin 686 daga `/boot` na tsohuwar na'urar, ka ajiye shi da sunan `.config` a cikin tushen kenel ɗin tare da `t42.txt`, sannan ka buga `make ARCH=i386 LSMOD=t42.txt localmodconfig`. Wannan umarni, wanda Steven Rostedt ya rubuta aka shigar da shi a Linux 2.6.32 a 2009, shi zai yi maka mafi yawan ragin. Ka kula da `ARCH=i386` a kowane umarnin `make` har zuwa ƙarshe, domin idan ka manta da shi a tsakiya, tsarin yana iya komawa bit 64, T42 kuma ta amsa maka da cewa kenel yana buƙatar furosesa x86-64 amma i686 kawai ya gani.

Daga nan sai `make ARCH=i386 menuconfig`, inda harafin Y ke nufin a gina abu a cikin jikin kenel, M ke nufin a bar shi a matsayin modul da ake ɗaukowa daga faifai idan an buƙace shi, N kuma a cire shi gaba ɗaya. A sashen `Processor type and features`, ka zaɓi Pentium M a matsayin dangin furosesa, ka kashe `Symmetric multi-processing support`, wato SMP, tunda ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. A `High Memory Support` ka zaɓi 4GB. Kada ganin cewa gigabait ɗaya kawai gare ka ya sa ka kashe shi, domin kenel mai bit 32 da aka kashe wa wannan zaɓi ba ya ganin abin da ya wuce kimanin megabait 896, ka ga ka yi asarar fiye da megabait ɗari a na'urar da ba ta da na zubarwa. Zaɓin 64GB kuwa shi ke jawo PAE, wato matsalar da ka fara da ita.

Kashe SMP yana da wani sakamako da ba kasafai ake lura da shi ba: mai sarrafa saurin furosesa da ake kira `schedutil` ya dogara da SMP, don haka zai ɓace. Ka zaɓi `ondemand` a madadinsa, ka kuma tabbatar `acpi-cpufreq` yana nan, domin da su ne Pentium M take sauka zuwa megahaz 600 idan ba ta aikin komai, zafi ya ragu, fanka ta huta. Haka nan ka bar ACPI da `thinkpad_acpi`, wanda ke kula da maɓallan musamman na ThinkPad da karanta saurin fanka. Tsofaffin bayanai suna yawan ba da shawarar `acpi=off` ga duk kwamfutar da ta tsufa; a ganina wannan magani ne na gwaji na minti biyar domin gano inda matsala take, ba abin da za a bari dindindin a laftof ba.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne faifan ajiya. Faifan T42 irin na da ne mai faffaɗar mahaɗa, wanda ake kira IDE ko PATA, kuma duk wani tsohon jagora da ka karanta zai aike ka neman sashen IDE da sunan `/dev/hda`. An cire wancan sashe daga Linux tun 5.14 a 2021. Yanzu waɗannan faifai suna bi ta `libata` ne, suna bayyana da sunan `/dev/sda`, kuma suna amfani da direban faifai na SCSI duk da cewa su ba SCSI ba ne. Mai son ragi yakan ga `SCSI disk support`, ya ce ai ni ba ni da wannan, ya kashe, ya kuwa rufe wa kenel hanyar ganin faifan da shi kansa yake zaune a kai. Abubuwa uku ne nake sa wa Y ba tare da tunani na biyu ba: `ATA_PIIX`, `BLK_DEV_SD` da `EXT4_FS`, ko duk tsarin fayil ɗin da ka tsara faifan da shi. Idan ɗaya daga cikin biyun farko ya ɓace, ɗayan abu biyu za ka gani. Ko dai allon ya daɗe shiru sannan ya jefa ka gaban `(initramfs)`, wato ƙaramin tsarin wucin gadi da kenel ke fara buɗewa kafin ya kai ga faifai, da ƙorafin cewa UUID ɗin faifan, wato lambar shaidarsa, babu shi, ko kuma, in ba ka amfani da initramfs, ya tsaya cak a kan `VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`. Sifili biyun nan suna nuna cewa kenel bai ga faifan ba sam, don haka direba za ka bincika, ba lafiyar faifan ba. Shi initramfs ɗin ka bar shi, domin GRUB na Debian, wato manhajar da ke tayar da kenel, yana kiran faifai da UUID, kuma initramfs ne ke fassara shi; idan girmansa ya dame ka, ka mayar da `MODULES=most` zuwa `MODULES=dep` a `/etc/initramfs-tools/initramfs.conf`.

Hoto da wayafai kuwa akasin haka ne: M ya fi dacewa da su. Katin hoton T42 na ATI ne, Mobility Radeon 7500 ko 9600 gwargwadon samfuri, direbansa `radeon`, yana kuma buƙatar tallafin AGP na Intel, wato mahaɗar katin hoto. Wayafai a yawancinsu Intel PRO/Wireless 2200BG ne mai direba `ipw2200`, ko da yake wasu sun zo da Atheros, abin da `lspci` zai warware maka. Dukkan direbobin biyu suna ɗauko famwaya (firmware), wato ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa, daga faifai lokacin da suke farawa, daga `firmware-amd-graphics` da `firmware-ipw2x00`, kuma idan aka gina su cikin jikin kenel sukan nemi famwayar tun faifai bai buɗe ba, su rasa. Sauti, wato `snd_intel8x0`, da katin kebul na intanet, `localmodconfig` ya riga ya kula da su.

Saura gyara uku ƙanana. Ka kashe `Debug information` a sashen `Kernel hacking`, domin yana cin wuri da lokaci ba tare da amfanar da kai ba. Idan `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` yana ɗauke da sunan wani fayil da babu shi a wurinka, ka share sunan, in ba haka ba aikin zai tsaya da kuskure. A `LOCALVERSION` kuma ka rubuta `-t42` domin ka riƙa gane naka a cikin jeri. Sai ka buga `make ARCH=i386 -j4 bindeb-pkg`, ka kwashi fayil ɗin `linux-image` da ya fito, ka loda shi a T42 da `dpkg -i`. Kada ka cire kenel ɗin Debian ko da naka ya tashi lafiya, domin shi ne mafitarka ta `Advanced options` a GRUB duk ranar da wani gyara ya ƙi. Bayan tashi ka duba `uname -r` da `free -m`, ka nemi kalmar firmware a cikin `dmesg`, ka gwada filash, waya, sauti da rufe murfi.

Game da sauri, kada ka sa rai da yawa. Modul ɗin da ba a ɗauko ba ba ya cin RAM, yana kwance ne kawai a faifai, saboda haka cire dubban direbobi ba ya sauya yadda na'urar ke gudu kamar yadda ake zato. Abin da za ka samu shi ne 'yan megabait da ɗan saurin tashi. Abin da yaran za su ji a hannunsu yana wani wurin: cika RAM zuwa gigabait 2, amfani da tebur mara nauyi irin LXDE ko IceWM, da kunna `zram`, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon jibge su a faifai mai jinkiri. Shi `zram` sai ka kunna shi da hannu a `menuconfig`, tare da LZ4, tunda ba ya cikin jerin `lsmod` ɗinka idan ba ka taɓa amfani da shi ba. Manhajar shiga intanet za ta tashi, domin Pentium M tana da SSE2 da Firefox ya wajabta tun sigarsa ta 53 a 2017, amma shafukan zamani za su yi mata nauyi ko da wane kenel ka sa.

Daga ranar da ka koma kan naka kenel, gyaran tsaro ya dawo wuyanka, domin `apt`, mai sabunta manhajojin Debian, zai ci gaba da sabunta na Debian ne kawai. Ka adana `.config` da `t42.txt` a wani wuri daban, kuma duk lokacin da `linux-source-6.1` ya sabunta, ka mayar da `.config` cikin sabon tushen, ka buga `make ARCH=i386 olddefconfig`, sannan ka sake harhaɗawa da `bindeb-pkg` kamar yadda ka yi da farko.