Koya wa Yara Larabci da Faransanci a Gida: Ta Ina Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Agege da ke Legas, kuma ni nake koyar da 'ya'yana biyu a gida, ɗaya mai shekara 4, ɗaya mai shekara 6. Ina son su iya Larabci da Faransanci. Na taɓa Larabci a Islamiyya, amma Faransanci ko kalma ɗaya ban sani ba, kuma maigidana yana tsoron harsunan za su yi musu yawa su rikice. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar wa maigida da hankali, domin yaron da ya tashi a Legas ya riga ya saba da jin harsuna barkatai: Hausa a ɗaki, Yarbanci a bakin maƙwabta, Turancin buroka a kasuwa da cikin motar haya. Idan kika ji ɗanki ya haɗa Hausa da Turanci a jimla ɗaya, ba rikicewa ya yi ba, yana cike gurbi ne da kalmar da ta fi kusa da bakinsa, kuma da kansa zai rarrabe su yayin da kalmominsa suka yawaita.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, yaro ƙarami yana ɗaukar harshe ne daga bakin mutumin da yake hulɗa da shi. A shekarar 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta na Jami'ar Washington a Amurka sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da jarirai 'yan wata 9 waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. An zauna da wasunsu sau 12 ana yi musu wasa da hira da harshen Mandarin na ƙasar Sin, wasu kuma aka nuna musu masu maganar ta allon talabijin. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun iya bambance sautukan harshen, na gaban talabijin kuwa ba su ƙaru da komai ba. 'Ya'yanki sun wuce jarirai, za su iya tsintar kalmomi a bidiyo, amma waya ba ta jiran amsar yaro, ba ta kuma gyara masa idan ya kauce.

Saboda haka ki fara da Larabci, tun da shi ne kike da shi a baki. Sai dai ki bambance karatun Alƙur'ani da koyon magana, domin yaro yana iya haddace izu guda bai san yadda zai nemi ruwan sha da Larabci ba. Ki zaɓi lokaci ɗaya a yini, misali lokacin karin kumallo, ki riƙa ambaton kofi da ruwa da burodi da Larabci, kina ba da gajeren umarni kamar zo, zauna, ɗauko. Hausa ma za ta taimake ki, tun da sunayen ranakun mako, daga Lahadi har Asabar, da kalmomi irin su littafi da alƙalami, duk daga Larabci muka aro su. Inda za ki dage shi ne mafitar haruffa, musamman na maƙogwaro irin su ainun da ha, waɗanda bakin Bahaushe yakan sassauta.

Faransanci kuwa sai kin nemo mai shi, kuma a Legas wannan ba abu ne mai wuya ba. Iyakar Seme da Jamhuriyar Benin tana nan gaba da Badagry, kuma 'yan Jamhuriyar Benin da Togo da Nijar, ƙasashen da ake jin Faransanci, suna zaune tare da mu a Agege da Mile 12. Ki nemi wanda ya yi karatunsa da Faransanci, mai haƙuri da yara, ya riƙa zuwa sau uku ko huɗu a mako, minti 20 na wasa da waƙa da tatsuniya, kina zaune a wurin. A ganina wannan ya fi zaman awa biyu ranar Asabar amfani nesa ba kusa ba. Idan sun ƙara girma, akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Ikoyi.

Kada ki yi gaggawar rubutu. Hausar boko da Turanci da Faransanci haruffa iri ɗaya suke amfani da su, amma furucinsu ya sha bamban, don haka ki bari mai shekara 6 ya zauna daram a karatun harshe ɗaya kafin a buɗe masa littafin Faransanci. Ƙaramin kuwa kunne da baki sun ishe shi yanzu.

Harshen da nake jin tsoron ya suɓuce musu a Legas shi ne Hausa, domin na ga yara da yawa da suke ji amma sai su mayar da amsa da Turanci. Ki bar ta ta zama harshen hira da faɗa da lallashi a gidanki. Idan kuma makonni suka wuce yaran suna saurare ba sa furta komai da sabon harshen, kada ki matsa musu. Ki gwada cewa su ɗauko miki cokali da Larabci, ki ga ko za su nufi kicin.